Tambayi Likitan Dabbobi: Kwatangwalon Kwikwiyo da Maganar Tiyata

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka fi yawa duk a kan abu ɗaya ne, wato lalurar kwatangwalo da ke kama manyan karnuka tun suna ƙanana, wadda likitoci ke kira displeshiya. Na zaɓo guda biyar, na ɗan rage tsawon wasu saboda fili.

Tambaya: Likita barka da aiki. Ina da kwikwiyo jinsin Jaman shefad, satinsa 14 yanzu, lafiyarsa ƙalau yana ci yana wasa ba ya ko ɗingishi. To sai wanda na karɓo shi a wajensa ya kira ni ya ce an yi wa uban hoton ƙashi an ga kwatangwalonsa ya lalace. Na kai nawa asibiti, likitan ya ce a ɗauki hoto yanzu yanzu kuma wai wataƙila a yi masa wata 'yar tiyata kafin ya cika wata biyar. Ni dai abin bai kwanta min ba gaskiya, ya za a yanka dabbar da ba ta da ciwo? Ba zalunci ba ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya barka kadai, kuma Allah ya saka wa mutumin nan da ya kira ki da alheri, don ba kowa ne zai yi hakan ba. Na fahimci abin da ke ranki sarai, amma ki yi haƙuri in ce miki likitanki yana kan hanya, kuma gaggawar da kika ga yana yi tana da dalili.

Gaɓar kwatangwalo kamar ƙwallo ne zaune a cikin ƙoƙo. Kan ƙashin cinya shi ne ƙwallon, gurbin da ke jikin ƙashin ƙugu shi ne ƙoƙon. Kwikwiyo ana haifarsa da gaɓar nan lafiya lau, har wanda zai lalace nan gaba. Abin da ke faruwa shi ne a makonnin farko jijiyoyi da jakar da ke riƙe da gaɓar sai su yi sako-sako a wasu karnukan, ƙwallon ya riƙa zamewa yana hawa bakin ƙoƙon duk lokacin da kwikwiyon ya taka, kuma a wannan shekarun ƙashin bai ƙosa ba, yawancinsa guringuntsi ne mai laushi, to sai bakin ƙoƙon ya riƙa cinyewa yana bajewa, ƙwallon ma ya bar zama zagayayye, daga nan sai amosanin gaɓa ya biyo baya. Duk wannan yana tafiya ne a ɓoye kwikwiyo na ta guje-gujensa. Yawanci sai wata 5 zuwa 12 ake fara ganin alama a waje, wani ma sai ya tsufa. Shi ya sa "ba ya ɗingishi" ba hujja ba ce a sati 14.

Akwai gwajin hannu da ake yi. Ana ba kwikwiyo allurar da za ta sa jikinsa ya saki, a kwantar da shi, likita ya kama gwiwa da hannu ɗaya ya tura ƙashin cinya zuwa sama wajen ƙugu, ɗaya hannun yana dafe da bayan, sannan a hankali ya buɗe ƙafar gefe. In gaɓar sako-sako ce sai ka ji ƙwallon ya faɗa gurbinsa ƙwal, a tafin hannunka za ka ji shi, wani lokaci har kunne na ji. Sunan gwajin Ortolani, sunan wani likitan yara ne ɗan Italiya da ya bayyana shi a jarirai a 1937, daga baya likitocin dabbobi suka ara. Wallahi duk sanda na ji wannan ƙwal ɗin a jikin kwikwiyo ɗan wata uku da rabi, raina yakan ɓaci kuma in ji sanyi a lokaci guda, don an kama abin da sauran lokaci.

Sai hoto. Hoton da aka saba ɗauka, wanda ake miƙar da ƙafafun baya, yana iya ɓoye sakin gaɓar domin miƙewar tana murɗe jakar ta matse ƙwallon ciki. Gidauniyar OFA ta Amurka mai tantance hoton kwatangwalon karnuka, wadda aka kafa a 1966, ba ta ba da takardar shaida ta ƙarshe sai kare ya cika wata 24, kin ga wannan ya yi latti ga abin da muke magana. Amma akwai wata hanya da Dakta Gail Smith ya ƙirƙiro a Jami'ar Fensilbeniya mai suna PennHIP, ita tun daga sati 16 ake iya yinta. Ana sa wani ɗan abu tsakanin cinyoyi a ware gaɓar a auna iya nisan da ƙwallon zai fita daga gurbi, a ba da maki daga 0 zuwa 1. Ƙasa da 0.3 gaɓa ce matsattsiya, haɗarinta kaɗan ne. Duk yadda makin ya yi sama haka haɗarin amosani ke ƙaruwa.

Ita kuma tiyatar da ya ambata, JPS ake ce mata a taƙaice, kuma dabara ce mai kyau ƙwarai. Ƙashin ƙugu ɓari biyu ne, dama da hagu, sun haɗu a ƙasa wajen mara, a wannan mahaɗar akwai layin guringuntsi da ƙashin ke tsiro daga gare shi. Likita zai ɗan tsaga fatar mara, tsaga ƙarama, ya sa na'urar lantarki mai ƙona nama ya ƙona wannan layin tsiron, yana kare mafitsara da hanyar fitsari da dubura da ke kwance a saman wajen. Shi ke nan, ba ƙarfe ba sukuru ba a sare ƙashi. To da yake ƙasan ya daina girma amma saman ƙugun na ci gaba da girma, sai ƙoƙunan biyu su riƙa juyowa a hankali suna kifuwa a kan ƙwallayen, su rufe su sosai. Girman kwikwiyon ne da kansa ke yin aikin gyaran. Nan ne sirrin gaggawar yake, in girman ya riga ya wuce babu abin da zai juya ƙoƙon. Ana yinta tsakanin sati 12 zuwa 20, kuma ta fi amfani in an yi kafin sati 16 zuwa 18, bayan sati 20 kusan aikin banza ne. Naki yana 14, kin ga kwanakin a ƙirge suke.

Kar ki ɗauka kuma ina cewa lallai a yi masa. A'a. A auna tukuna. In gaɓar a matse take ki ɗauki abinki ki tafi gida, ba a yi wa kwikwiyo JPS don kawai ubansa na da lalurar. In sakin matsakaici ne to nan ne tiyatar ta fi cin nasara. In kuwa sakin ya yi muni sosai ita kaɗai ba ta cika isa ba, likitan zai faɗa miki gaskiya. Wanda aka yi wa yakan koma gida ranar ko washegari, a taƙaita masa tsalle-tsalle kamar sati biyu har ɗinki ya warke. Ki auna wannan da abin da za ki karanta a amsoshin da ke ƙasa, za ki ga wanne ne sauƙi a kan dabbar.

Tambaya: Salam Likita. Rotwaila gare ni ɗan wata 7. Kusan sati uku ke nan in zai gudu sai ya haɗa ƙafafun baya biyu yana tsalle kamar zomo, in ya kwanta kuma tashi sai ya yi da ƙyar, ya ƙi hawa matakala ma yanzu. Wani ya ce min girma ne zai wuce. Na bari ko na kai shi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam ka kai shi cikin satin nan, kar ka jira. Tsallen zomon nan da wahalar tashi da ƙin matakala su ne alamun da muka fi gani, ka ƙara da rangajin ƙugu in yana tafiya, da zama a karkace ƙafafu gefe guda, kuma in ka shafa cinyoyinsa za ka iya jin sun fara ramewa alhali kafaɗu na ƙara cika, don ya mayar da nauyinsa gaba. Amma fa ba kowane ɗingishin baya ne kwatangwalo ba. Akwai tsinkewar jijiyar cikin gwiwa, wadda Rotwaila ke yawan samu, akwai kuma wani ciwon dogayen ƙasusuwa na lokacin girma da ke yawo daga wannan ƙafa zuwa waccan, shi kam yana wucewa da kansa. Gwajin hannu da hoto ne za su raba gardama.

In kwatangwalon ne, JPS ta wuce shi, amma akwai ƙofa ta biyu kuma ita ma tana gab da rufewa. Tiyata ce da ake yanka ƙashin ƙugu a juya ɓangaren da ke ɗauke da ƙoƙon da hannu, kamar digiri 20 zuwa 30, har ya rufe ƙwallon, sannan a ɗaure da wani faifan ƙarfe mai lanƙwasa da sukurori. Tsohuwar hanyar wuri uku ake yankawa, ƙashin sama mai faɗi da ƙashin mara da ƙashin zama, ita ce TPO wadda likitan Amurka Barclay Slocum ya yaɗa a shekarun 1980. Sabuwar, DPO, wuri biyu ake yankawa a bar ƙashin zama, likitocin Faransa ne suka fara gabatar da ita a 2006, kuma kare ya fi saurin miƙewa bayanta domin ƙugun bai rabu gaba ɗaya ba, har wasu likitocin kan yi ɓangarorin biyu a zama ɗaya.

Sharaɗinta ne mai tsauri. Ana so kare ya kasance tsakanin wata 5 zuwa 10, ya fi kyau kafin 8, ƙoƙon bai cike ba, bakinsa bai cinye ba, kuma babu amosani a hoto. In guringuntsin ya riga ya goge, ka juya ƙoƙo a kan gaɓar da ta mutu, ka wahalar da dabba a banza. Na taɓa ganin wani kare da aka kawo yana wata 6 da wannan tsallen, hotonsa ya dace da aikin tsaf, mai shi ya ce bari ya ga ko zai wuce. Ya dawo yana wata 11. Da na kama gwiwar na buɗe ƙafar babu ƙwal ɗin ma, sai wani ƙurus ƙurus kamar ana goga tsakuwa, ƙashi na cin ƙashi, karen ya juyo ya lashi hannuna yana rawar jiki. Har yau abin na damuna. Wata biyar kacal.

Bayan aikin kuma ka shirya, sati 6 zuwa 8 na tsarewa a ƙaramin waje, fita da igiya kawai don fitsari da kashi, ka sa tawul a ƙarƙashin cikinsa ka tallafe shi a kwanakin farko, ba tayil mai santsi, ba wasa da sauran karnuka. Sukuru yana iya kwancewa in ya yi tsalle kafin ƙashi ya kama, kuma kare ɗan wata 7 ba shi da haƙuri, kai ne za ka yi haƙurin a madadinsa.

Mai cewa zai wuce akwai ɗan ƙamshin gaskiya a maganarsa, don wasu karnukan in sun kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi jakar gaɓar takan yi kauri ta riƙe, ciwon ya lafa su yi shekaru suna lafiya da magani da kula da nauyi kawai. Amma wannan hukunci ne da ake yankewa bayan an ga hoto, ba kafin ba.

Tambaya: Likita ni Labrado ce da ni 'yar wata 4, ina ba ta ƙwayar kalsiyam kullum don ƙashinta ya yi ƙarfi, kuma ina cika mata kwano duk sanda ya ƙare, ta yi ɓul-ɓul gwanin sha'awa. Hakan zai kare ta daga wannan ciwon? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa don Allah ki dakatar da duka biyun daga yau. Na san da kyakkyawar niyya kike yi amma akasin abin da kike so zai haifar. Ƙaramin kwikwiyo hanjinsa bai iya tace kalsiyam ba, duk abin da aka ba shi zuƙewa yake, kuma yawansa na dagula yadda guringuntsi ke zama ƙashi a manyan jinsi. In tana cin abincin da aka haɗa musamman don 'yan kwikwiyon manyan karnuka ba ta buƙatar ƙari ko kaɗan.

Ƙiba kuwa ita ce babbar abokiyar wannan lalura. Akwai binciken da kamfanin abincin dabbobi na Purina ya ɗauki nauyi, an ɗauki Labrado 48 aka haɗa su bibbiyu 'yan ciki ɗaya, ɗaya ya ci yadda ya so, ɗan'uwansa a rage masa kashi 25 cikin 100, aka bi su har ƙarshen rayuwarsu. Da suka kai shekara 2, cikin 24 masu cin ƙoshi 16 sun nuna displeshiya a hoto, cikin 24 da aka rage wa kuwa 7 ne kawai. Waɗanda aka rage wa abincin sun kuma fi tsawon rai da kusan shekara 2. Jini ɗaya, gida ɗaya, bambancin kwano ne kawai. Ki sa tafin hannu a gefen ƙirjinta, ya kamata ki ji haƙarƙari ba tare da kin danna ba, in kin leƙo ta daga sama kuma ki ga ƙugu ya ɗan shiga. Ki auna abincin ki raba sau uku a rana. Ki shimfiɗa wani abu a inda take wasa in ƙasan na da santsi, ki bar ta ta yi yawonta a ƙasa mai laushi yadda ta ga dama, amma ban da dogon gudu na dole ko tsalle daga wuri mai tudu.

Tambaya: Nawa karen shekararsa ɗaya da wata 3, nauyinsa kilo 38, an yi hoto an ce amosani ya riga ya shiga ɓangarorin biyu. Magani yana taimakawa amma da an tsaya sai ciwo ya dawo. An ba ni zaɓi biyu, ko a sa masa gaɓar ƙarfe ko a yanke kan ƙashin a jefar. Na rasa wanne zan ɗauka, kuma wani lokacin in maganinsa ya ƙare nakan ba shi ibufurofen ɗina. Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam bari in fara da na ƙarshen don shi ne ya fi tayar min da hankali. Kar ka ƙara ba shi ibufurofen, ko rabin ƙwaya. Yana huda cikin kare ya kashe ƙoda, haka ma diklofenak da nafroksen. Akwai nasu irin su karfurofen da meloksikam, su ma da umarnin likita da gwajin jini lokaci lokaci, kuma ba a haɗa biyu. In ka ga kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta ko yana amai, asibiti kai tsaye. Ka faɗa wa likitansa cewa ya sha.

Zaɓi biyun kuma, ga kare mai kilo 38 ni dai ra'ayina sauya gaɓar ya fi, in akwai ƙwararren da ya saba yinta kuma da hali. Ana cire ƙwallon da ƙoƙon da suka lalace a sa ƙwallon ƙarfe da ƙoƙon wata roba mai tauri, wasu da siminti na ƙashi ake kafa su, wasu kuma ƙashin ne ke tsiro ya kama su. Tun shekarun 1970 ake yi wa karnuka, kuma sama da kashi 90 cikin 100 suna komawa tafiya da gudu ba ciwo. Ita kaɗai ce ke mayar da gaɓar ta yi aiki kamar ta asali. Haɗarinta shi ne gocewar sabuwar gaɓar a makonnin farko, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko ƙashin cinya ya tsage, shi ya sa ake duba fata da haƙora da fitsari kafin a shiga, kuma ake tsare shi kusan wata uku. Ɓangare ɗaya ake fara yi, wanda ya fi ciwo, kuma da yawa daga cikinsu ba sa buƙatar na biyun domin sabuwar ƙafar ta ɗauke nauyin.

Yanke kan ƙashin, wato FHO, ba abin raini ba ne. Ana cire ƙwallon da wuyansa, ƙashi ya daina gugar ƙashi, tsoka da tabon nama su haɗa wata gaɓar wucin gadi. A ƙananan karnuka da kyanwoyi sakamakon na da kyau sosai, amma in nauyi ya haura kamar kilo 20 abin ya zama ba tabbas, ƙafar takan ɗan gajarce, cinya ba ta cika komawa yadda take ba, kuma yana iya gajiya da wuri. Duk da haka in sauya gaɓa ba za ta yiwu ba, FHO ta fi barinsa cikin azaba nesa ba kusa ba. Ita kuma saɓanin sauran, ba a so a tsare kare bayanta, so ake ya fara taka ƙafar da wuri, a riƙa lanƙwasa masa ita ana miƙarwa kullum, tafiya a hankali, iyo in ɗinki ya warke. Wanda aka bari ya rataye ƙafar sati uku shi ne ke ƙarewa da gaɓa a sandare. Ko wanne ka zaɓa, ka fara rage masa nauyi tun yanzu.

Tambaya: An yi wa karyata JPS tana ƙarama, yanzu ta girma hotonta ya yi kyau. Zan iya barinta ta haihu? Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya a'a, ina roƙonki kar ki bari. Tiyatar ta gyara ƙashinta ne, ba ta taɓa abin da ke cikin jininta ba, kuma displeshiya gado ce da ƙwayoyin halitta masu yawa ke haɗuwa su kawo. Hoton nan mai kyau zai yaudari duk wanda zai karɓi 'ya'yanta, su kuma su taso da sakin gaɓar da ita ma ta gada. Ga shi JPS takan ɗan rage faɗin ƙugu ta ciki, hanyar da 'ya'yan za su bi ke nan. Ki zauna da likitanta ku sa ranar cire mahaifa, tunda ta riga ta gama girma babu abin jira, sannan ki sanar da wanda kika karɓo ta a hannunsa domin a auna uwar da uban da sauran 'yan cikinsu kafin a sake haɗa su.